Mai Sayar da Tanti a Kasuwar Kerman

Ajiye wannan, yaro, ba naka ba ne.
Na ga idonka ya maƙale wa jan,
mai tagogi huɗu da rumfa a gaba,
wanda mutum zai miƙe a ciki ya yi hamma.
Na masu fita lambu ne ranar Juma'a.
Kai ka ce Lut za ka, can bayan Shahdad,
inda iska ta sassaƙe tuddai kamar turmi.
Wadda ta ci dutse, me za ta bar wa yadi?

Ɗauki wancan, mai ruwan ƙasa, mummunan.
Gajere ne, da rarrafe ake shigarsa.
Tsayi a hamada girman kai ne,
iska kuwa da mai girman kai take karya kumallo.
Dubi sandunan, sun gitta juna sau uku,
ya yi lamo kamar kunkuru ya ji motsi.
Sa yatsa nan. Ka ji? Babu raga.
Raga ta sauro ce, can ko ƙuda ba ya kwana.
Ƙura ce kawai, mai laushin garin alkama,
ta raga take bi kamar ta rariya,
ka farka da tudu a kunne, da tsakuwa a haƙori.

Turakun cikin jakar, ba wa yara su yi wasa.
Yashi ba ya riƙe amanar ƙarfe.
Ga buhu shida, ban sa su a lissafi ba.
Cika su da rairayi, zarge wuyansu,
haƙa rami har gwiwar hannu, binne,
tattake, yi rawa a kai in ka ga dama.
Abin da ke son binne ka, shi za ka sa gadi.

Kafin ka kafa, lashi yatsa ka ɗaga.
Inda ya yi sanyi, nan za ka ba ƙeya.
Ƙofa ta dubi inda iska za ta.
Ɗaure gefenta tun tantin na kwance,
jefa jarkar ruwa ciki kafin ya tashi.
Kada ka fake a gindin tudun yashi,
da dare yake tafiya, ba ya duban ƙasa.

Zauna. Shayin bai huce ba.

Mu biyu ne, ni da ƙanena Bahram,
shekarar da muka kai wa masu awon ƙasa ruwa.
Nasa tantin ja ne, sak irin wannan,
kuɗin dabinon kaka guda ya zuba.
Tsakar dare na ji igiya ta yi ƙara ɗaya,
kamar an tsinke tsirkiya,
sai ga shi sama, ya kumbura, ya juya.
Na ce bar shi. Ya ce yanzu zan dawo.
Na ga tocilarsa, ta yi taku goma,
ta zama ƙwayar gero,
ƙura ta haɗiye ta.

Kwana biyu muna kira, iska na mayar mana da sunan.
Tantin muka fara gani,
rataye a kan dutse, ko yagewa bai yi ba.

Don haka ji wannan, ya fi duk na baya:
in ya tashi, yi masa sallama.
Kwanta jikin mota, ja mayafi, ƙirga numfashi.
Akwai wani tantin a shagon Khodadad.
Uwarka ba ta da wani kai a ajiye.

Karɓi guntun kyandir.
Goga wa zif safe da yamma,
in ba haka ba yashi zai cinye haƙoransa.
Kuɗin? Kawo rabi.
Sauran ka kawo da hannunka,
da ƙurar Lut a girarka,
in zazzage tantin nan a bakin ƙofa,
in yi maka faɗa a kan ƙullinka.